Yau Me Aka Ɗora?

Mu uku ne a guruf ɗinmu na waya, kuma ba mu taɓa ƙara kowa ba. Yaya ta ce tukunya a kan duwatsu uku take zama, wanda ya kawo na huɗu rigima ya kawo. Kullum da safe, da zarar jirgin ƙasa na farko ya wuce ta bayan layinmu ya kaɗa kwanukan da ke cikin kabad, duk wadda ta riga ɗaukar waya sai ta danna ta ce, "Yau me aka ɗora?" Gaisuwarmu ke nan. Babu ina kwana, babu ina gajiya. In mace ta ce tuwon shinkafa da miyar taushe, mun san gida lafiya. In ta ce garau-garau, mun san an tashi da ɓacin rai, a bar ta ta huce. In kuwa ta ce ba ta ɗora komai ba, ranar sai an yafa mayafi an je an duba ta.

Yayar nan ba cikinmu ɗaya ba. Gidansu ne ke kallon namu a Agege, kuma ko da muka yi aure ɗakinta ne ke kallon nawa. Ta girme ni da shekara shida, ita ta goya ni, ita ta fara yi mini kitso, ita ta raka ni ɗakin miji. Tun da na yi wayo ban taɓa kiran sunanta ba, ba kuma yau zan fara ba. Ita kuwa "'yar mahauta" take ce mini, don ubana a kwata ya tsufa, mijina ma can yake, kuma a cewarta bakina ya fi duk wuƙaƙensu kaifi. Ba ƙarya ta yi ba. Ta ukunmu 'yar Maraɗi ce, aure ya kawo ta Legas, mijinta na sauke albasa a kasuwar Mile 12. Ta haura shekara goma a cikinmu amma Yarabancinta ko attarugu ba zai saya mata ba, kuma har gobe kek "gato" take ce masa. Mun yi mata tsiya har mun gaji, ta ƙi sauyawa.

Kek kuwa a unguwarmu, in aka ce na Yaya an gama magana. 'Yarta tilo da ke aure a Iyana Ipaja ta saya mata obin na lantarki, ta karɓa ta sa albarka, ta mai da shi ma'ajiyar faranti. A tukunya take gasawa. Ta zuba yashi mai tsabta a gindin tsohuwar tukunyar ƙarfe, ta ɗora a kurfoti har yashin ya ɗauki zafi, ta zaunar da gwangwanin kek ɗin da ta saya a kasuwar Jankara tun kafin mijinta ya rasu, ta rufe, ta jera garwashi a bisa murfin. Ba agogo, ba ma'auni. Tafin hannu take ɗagawa saman murfin ta ji zafin, sai ta cire garwashi biyu ko ta ƙara ɗaya. Sau nawa na ce, "Yaya, don Allah fulawa gwangwani nawa?" Sai ta ce, "Daidai yadda ƙwai ya nema." To ni ina zan ji maganar ƙwai? Nawa kullum tsakiyarsa faɗawa take, in ɗauki hoto in tura guruf, su yi ta tambayata ko rijiyar da na haƙa ta kawo ruwa.

Abu na biyu da ya haɗa mu, bayan tukunya, shi ne wasan kwaikwayo. Islamiyyarmu ta matan aure tana yin walima duk shekara, kuma a tsakiyar walimar akwai wasa. Ni nake rubutawa a littafin makaranta, ni nake tsayawa bayan labule ina raɗa wa wadda ta manta. Labulen ma zanin gado biyu ne a kan igiya. Na rubuta wasa a kan haƙuri, na rubuta a kan riƙon maraya, duk a banza. Mata abu ɗaya suke so, a dawo musu da Iya mai barkono.

Labarin gajere ne. Iya, Bayarabiya mai sayar da barkono, tana zaune da farantinta. Matan Hausawa biyu suka zo saye, suka tsaya a kanta suna yi da maƙwabciyarsu. Duk abin da suka ce mata sai ta buɗe hannu ta ce, "Mi o gbo Hausa," wato ba ta jin Hausa. Sai su saki jiki su ci gaba da gulma, tun daga ɗaurin ɗankwalin maƙwabciyar har abin da ke cikin tukunyarta. A ƙarshe ɗayarsu ta nuna Iya da baki ta ce, "Ai wannan ko zaginta kika yi ba ta ji." Nan ne Iya za ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta buɗe baki da Hausa tsantsa kamar yau ta sauka daga motar Kano: "To magulmata, sannunku da aiki. Kun gama cin naman 'yar'uwar taku, ko in ƙara muku barkono?" Wallahi duk shekara sai wurin ya kusa tsagewa, alhali babu wadda ba ta san maganar na zuwa ba.

Yaya ce Iya, kuma ba wanda zai iya ɗaukar wannan farantin sai ita. Ba kwaikwayo take ba, gado ne. Da aka haife ta mahaifiyarta ta kwanta ciwo mai tsawo, sai wata Bayarabiya da ke haya a gidan, ita ma tana goyo, ta haɗa su biyu a ƙirji. A bayanta Yaya ta yi rarrafe, a bakinta ta koyi magana. An ce sai da ta shekara biyar kafin Hausa ta zauna mata. Tafiyar Iya, yadda take tura ɗankwali gaba, yadda take tsaki, duk na waccan baiwar Allah ne.

Na faɗi wannan duka ne don a gane yadda aka yi na zama sakarya, ba don in wanke kaina ba.

Wata safiya, walima saura wata huɗu, 'yar Maraɗi ta yi tambayar. Na ce ƙafar saniya na ɗora tun asuba, maigida ya kawo huɗu jiya, gas ɗina ne zai ji a jikinsa. Sai saƙon Yaya ya shigo. Ta ce, "Ni yau na ɗora... na ɗora wannan... ewa. Na sa iyo, na sa ata. Epo ne babu." Wake, gishiri, barkono, manja, duk da Yarabanci. A Agege wannan ba abin ɗaga kai ba ne, dukkanmu haka muke cakuɗa magana. Amma Yaya a kicin ba ta cakuɗawa. Ita ce mai gyara mana, in ka ce ponmo ta ce ganda sunansa, kada ki ɓata mini kunne. Saboda haka da na ji sai na fashe da dariya, na danna na ce, "Tabɗi! Bana Iya ta yi sammako. Tun yanzu aka fara gwaji?" Ta turo hoton fuskar nan mai dariya har da hawaye. Aka wuce wurin.

Daga nan abin ya zama kullum. Wata rana ta ce ta nemi muciya ta rasa, ashe tana hannunta. Wata rana ta ba mu labarin yadda ta taso daga gidan 'yarta, ta hau danfo, bas ɗin hayar nan ta Legas, ta sauka a inda ba ta sani ba, ta tsaya tana kallon gada kamar baƙuwar ƙauye, har wani mai keke Napep da ya san ta ya kawo ta gida. Yadda ta tsara labarin, da muryar kwandasta da muryar mai keke, sai da na riƙe ciki. Mace ce da ta iya mai da komai abin dariya, ko faɗuwa ta yi a kasuwa ba za ta tashi ba sai ta samo yadda za ta ba da labarin. Ni kuma na saba kashi na shi ne dariyar.

Ranar da muka fara gwaji a ajin Islamiyya ta zo da kek a leda kamar yadda ta saba. Ya tashi sumul, ya yi ja, ƙamshi har bakin ƙofa. Na gutsura, ban san lokacin da na tofar ba. Gishiri ne zalla, babu ɗigon sukari. Mata suka yi ta shewa, wata na cewa Iya ta rama gulmar tun kafin a yi ta. Yaya ta dubi kek ɗin, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi dariya. Sai daga baya na tuna cewa bayanmu ta yi dariyar, ba tare da mu ba.

Washegari da hantsi 'yar Maraɗi ta yi sallama a gidana, ina tsaka da wanke kayan ciki. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ke, Yaya ba ta da lafiya."

Na ce, "Wace irin magana ce wannan? Jiya ba tare muka rabu ba?"

Ta ce, "Gaton jiya ba wasa ba ne. Saƙonninta ma ba wasa ba ne."

Nan bakin nan nawa ya tashi. Na ce ita da ba ta jin ko "zo ka ci" da Yarabanci, ita ce za ta fassara mini Yaya? Ni da aka goya ni a bayanta? Ta bari na gama tas, don ta san halina, sannan ta ce a hankali, "Shi ya sa. Ku magana kuke ji, sai ku yi dariya. Ni ban jin maganar, murya kaɗai nake ji. Muryar mai tsoro ce."

Na ce ta tofar da yawu, kada ta yi wa baiwar Allah mugun baki. Na ce shekaru ne, wa ba ya mantuwa, ni ma jiya na bar shinkafa ta kama. Ta ce, "Allah ya sa ni ce ban gane ba." Ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Kwana biyu ban kula ta a guruf ba, sai ita ce ta sauko ta tambaye ni yadda ake cire warin tumbi.

A gwaje-gwajen da suka biyo baya Yaya takan tsaya cik a tsakiyar magana, in raɗa mata, ta ɗauka ta ci gaba. Wani lokaci ta ƙara abin da ban rubuta ba. Ai dama haka take, duk shekara sai ta ƙara gishirinta, kuma nata ya fi nawa daɗi. Ruwa ba ya tsami banza, na san karin maganar, ni kaina na sha faɗa wa mutane. Amma da ya tsama a gabana sai na ce kunun tsamiya ne.

Ranar walima ta zo, bayan la'asar. Tsakar makarantar cike da mata, an kafa rumfa, ana ta rabon zoɓo da cincin. Muka haɗa bencina muka shimfiɗa tabarma a kai. Yaya ta hau da farantinta na attarugu da tattasai, ta tura ɗankwali gaba, tun kafin ta buɗe baki aka fara dariya. 'Yar Maraɗi da wata ɗalibar su ne magulmata. Ni ina bayan zanin gado da littafina, ina leƙe ta tsakanin biyun.

Farkon ya tafi daidai. "Mi o gbo Hausa," ta buɗe hannu, mata suka kwashe. Gulma ta yi gulma. Ɗalibar ta nuna ta da baki ta ce, "Ai wannan ko zaginta kika yi ba ta ji." Wuri ya yi tsit, kowa ta gyara zama, wasu har sun fara motsa baki da maganar da ke zuwa.

Yaya ba ta miƙe ba.

Na raɗa, "To magulmata." Ba ta ɗauka ba. Na ƙara ɗaga murya, "Yaya, to magulmata, sannunku da aiki." Ta waiwayo wajen labulen, ta dubi rumfar, ta dubi fuskokin da ke gabanta. Sai ta ce da Yarabanci, da ƙaramar murya, "Nibo ni mo wa?" Ina ne nan nake? Matan Agege ne, kusan duk suna ji. Aka fashe da dariya, ana cewa bana Iya ta zo da sabon salo. Ta ce, "E jo, mo fe lo si ile." Don Allah gida nake son zuwa. Dariya ta ƙaru, wata a gaba har da buga cinya. Ta ce, "Iya mi da?" Ina uwata?

Ba zan ɓoye ba, tunda na ɗauki alƙalami: ni ma na yi dariyar. A bayan labule, da littafi a hannu, na ce a raina kai Yaya ba ta da dama.

'Yar Maraɗi ce ta juyo ta dube ni ta tsakanin zanin gadon. Na bi idonta zuwa hannun Yaya. Ta cusa hannu biyu cikin farantin tana matse attarugun, ruwansa na bin yatsunta, ba ta ma san tana yi ba. Idonta ya ciko. Sai na ga ta ɗago hannun za ta share hawaye. Yaya, wadda in na yanka attarugu take hana ni taɓa ko ɗankwalina sai na wanke hannu da manja da sabulu.

Ban san yadda na tsallake bencin ba. Na dai tsinci kaina a gaban mutane riƙe da wuyan hannunta biyu. Ta dube ni kamar yarinyar da ta ɓace a kasuwa. Na ce mata da Yarabanci, don shi kaɗai na ga yana shiga, "Iya, e je ka lo," mu tafi. Ta miƙe ba musu. 'Yar Maraɗi ta kama ɗaya gefen, muka sauko da ita. Mata suka ɗauki tafi, wata ta rangaɗa guɗa. Muna bayan aji ina wanke mata hannu a bokiti, wata malama ta leƙo tana murmushi ta ce bana wasan ya fi na kowace shekara, sai dai ƙarshen ne ba ta gane ba.

Abin da ya biyo baya duk wanda ya yi jinya ya sani. 'Yarta ta kai ta asibiti, aka yi hoton kai, aka yi tambayoyi, wace rana ce yau, me kika ci da safe. Likita ta ce ciwon mantuwa ne, ya riga tsufa zuwar mata, kuma ba ya komawa baya. Akwai magani mai rage masa gudu, babu mai tsayar da shi. Ta ce sau da yawa harshen da mutum ya sha a nono shi ke saura, na baya su ke fara tafiya. Na ce, "Likita, da mun kawo ta wata huɗu da suka wuce fa?" Ta ce da bai canza da yawa ba. Na san don ta sanyaya mini ta faɗa, kuma ko gaskiya ce bai sanyaya ɗin ba. Aka yi tofi, aka yi rubutu, aka kawo zamzam da habbatussauda, kowa da abin da ya ji an ce. Ni na dafa farfesun kan rago na kai, don iyakar abin da na iya ke nan. Ta ci ta ce ya yi daɗi, ta tambayi 'yarta ko a wace bukar abinci aka sayo.

Da ta bar gas a kunne sau biyu, 'yarta ta kwashe ta zuwa Iyana Ipaja. Aka sa kwaɗo a ɗakin da ke kallon nawa.

Wata rana da rana, gida ba kowa, shaiɗan ko tsautsayi ya sa na hau bin tsofaffin saƙonnin guruf ina saurare. Ga wake, ga danfo, ga muciya. Sai na iso wani da ban tuna da shi ba sam, mako biyu kafin walima. Muryarta ce, da Hausa, ba Iya a ciki ko kaɗan. Ta ce, "Ke 'yar mahauta, wallahi ba wasa nake ba. Abin da ake kwashe tuwo da shi, ina riƙe da shi, sunan ne ya gudu. Faɗa mini." A ƙasansa ga amsata. Na danna. Dariya ce, doguwa, har da tari, sannan na ce, "Allah ya bar mana ke, Iya!" Ko kalmar ban ba ta ba. Mara ce kawai take nema. Na zauna a ƙasan kicin na yi kuka har maigida ya dawo ya same ni a haka. Saƙon yana nan har yau, ban iya sharewa ba, ban kuma iya sake ji ba.

'Yar Maraɗi ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba. Da ta faɗa da na sami abin yi wa faɗa, da na ji sauƙi. Maimakon haka sai ta sa yaranta suna koya mata Yarabanci, kalma biyu-biyu, don ta iya gaishe da Yaya. Mace da shekara goma ba ta koya don kasuwa ba. In ta ce "e kaaro", wato ina kwana, da bakinta na Maraɗi, abin dariya ne na gaske, amma ni yanzu tsoron dariya nake.

Guruf yana nan. Jirgi ya wuce, ɗayarmu ta yi tambayar, ɗaya ta amsa. Lambar Yaya ba mu cire ba, wayar tana hannun 'yarta, ta ce wani lokaci takan kunna mata ta ji. An zo an same ni a kan walimar bana, wai ko wata za ta ɗauki farantin. Na ce su nemi mai rubutu, nawa littafin ya cika.

Watan jiya muka ce bari mu gwada wani abu. Na karɓi makullin ɗakinta, muka ɗauko tukunyar da yashinta da gwangwanin, muka loda a keke har Iyana Ipaja. Muka same ta a baranda an yi mata wanka, tana zaune tsaf da hannu a cinya. Ta gaishe mu da ladabi, da Yarabanci, irin gaisuwar da ake yi wa baƙin da ba a san daga ina suke ba. Ni ta ce mini "Anti".

Na hura gawayi a gabanta, na kwaɓa fulawar yadda na iya, na zuba, na rufe, na jera garwashi. Kallo kawai take. Can sai ta matso da kujerarta. Ta ɗaga tafin hannu saman murfin, ta ɗan karkata kai. Ta ɗauki cokali ta ture garwashi biyu gefe. 'Yar Maraɗi ta damƙe mini hannu har ya yi zafi. Ba wanda ya yi motsi a cikinmu. Da ƙamshi ya fara tashi ta sake ɗaga hannun, ta mayar da ɗaya.

Ban yi niyya ba, bakina ne ya saba. Na ce, "Yaya, yau me aka ɗora?"

Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe. Sai na ga wani abu ya dawo cikin idon, kamar an ɗaga labule kaɗan. Ta ce, da Hausa, da muryarta ta dā, "An gama wasan?"

Na ce, "An gama, Yaya."

"Na yi daidai?"

"Kin yi daidai."

"Sun yi dariya?"

Na ce, "Sun yi."

Ta ɗan matso, kamar mai tambayar abin da ya fi damunta. "Har da ke?"

Na ce, "Har da ni, Yaya."

Ta yi murmushi, ta jingina da kujera, ta ce, "To alhamdu lillahi." Ta ji daɗi, wallahi ta ji daɗi, a fuskarta na gani.

Muka buɗe tukunyar, na soka tsinken tsintsiya ya fito fes. Karo na farko a rayuwata tsakiyar ba ta faɗa ba. Na juyo in nuna mata, na tarar tana kallona da tausayi. Ta taɓa 'yarta ta ce mata da Yarabanci a yanka wa baƙuwar nan mai kuka babba, da alama daga nesa ta zo.